Koci Odile da Mutanen Jos Biyu

Ranar da Dakta Maitama ya kawo mana ita filinmu na Upper Marlboro, ba wanda ya yi murna. Mu ƙungiya ce ta magidanta 'yan Arewacin Najeriya da ke zaune a kewayen Washington, ƙaraminmu ya haura shekara talatin da biyar. Akwai likitoci da injiniyoyi, akwai masu aikin jinya da masu tuƙin haya, Musulmi da Kirista. Duk Lahadi da rana, bayan an taso daga coci an kuma yi azahar, muke buga gasar 'yan Afirka mazauna yankin, kuma mun daɗe a ƙasan tebur. Ni ɗan baya ne na hagu, amma benci ya fi fili sanina.

Dakta Maitama shi ne shugaban ƙungiyar. Ya ce matar nan ita ke horar da 'yarsa a wata ƙungiyar 'yan mata, kuma ya ga aikinta da idonsa. Muka dube ta: gajera ce, fara, ta ɗaure gashinta ta baya, tana ɗan ɗingisa ƙafar dama. Jang, ɗan tsakiyarmu, wanda bakinsa ba ya shiru, ya ce da Hausa yana zaton ba ta ji, "Yanzu Baturiya ce za ta koya mana ƙwallo?"

Ta juyo ta dube shi. "Baturiya ce, kuma ɗiyar Garba ce ta Damagaram," in ji ta. "Ɗaure takalminka, za mu fara da gudu."

Sunanta Odile Garba, mu kuwa Koci muke ce mata. A Le Havre aka haife ta, garin bakin teku a arewacin Faransa. Mahaifinta ya baro Zinder, wato Damagaram ta Nijar, yana saurayi ya kama aiki a tashar jiragen ruwa, mahaifiyarta kuma Bafaransa ce mai aiki a gidan kula da tsofaffi. Hausarta a wurin kakarta ta samo ta, lokacin da ake kai ta Zinder hutun makaranta, shi ya sa take magana irin ta tsofaffin mata, tana gauraya ta da Faransanci. Ƙwallo ma balo take ce mata.

Cikin yara maza ta fara wasa, a ƙungiyar unguwarsu, har ta kai shekarun da aka ce ba za ta ci gaba da buga wa maza ba. Ta koma ƙungiyar mata ta rukuni na biyu. A tsakiya take wasa, gaban 'yan baya, inda aikin mutum shi ne tare hanya da ƙwace ƙwallo. A wancan lokacin wasan mata ba ya ciyar da kowa, don haka da asuba tana gidan burodi tana aiki, da yamma tana fili. Ƙungiyarsu ta hau rukuni na ɗaya ita tana kyaftin, amma kakar wasa ɗaya kawai ta buga a can. Jijiyar gwiwarta ta tsinke, aka yi mata aiki, ta yi jinya ta dawo. A wani wasa na lokacin sanyi, fili ya daskare, ta juya da sauri gwiwar ta sake tafiya. Ta taɓa gaya mini cewa ƙarar ta riga zafin isa gare ta, kuma tun tana kwance a ƙasa ta san ta gama. Ba ta kai talatin ba.

Sai ta shiga karatun horarwa, sau da yawa ita kaɗai ce mace a aji. Ta yi shekaru tana mataimakiya. Da babban kocinsu ya ajiye aiki a tsakiyar kaka, ita ta riƙe ƙungiyar ta hana ta faɗuwa, amma da aka tashi naɗa sabo sai aka ɗauko wani daga waje. A shekarar ta auri Raymond, Ba'amurke mai aikin gashin ƙashi, ta biyo shi Takoma Park, nan kusa da Washington. Kwanakin mako tana tare da 'yan mata, Lahadi kuma da yammacin Alhamis ta ba mu, ba tare da ta karɓi komai ba.

Ba ta mai da mu gwanaye ba, tumbinmu ma bai ragu sosai ba. Abin da ta dage a kai shi ne magana. Idan ƙwallo ta taso sama zuwa gidanmu, dole mai tsaron gida ya ɗaga murya ya ce "Tawa!" in zai fito, ko ya ce "Fitar!" in ɗan baya ne zai kore ta. Wanda ya yi shiru zai zagaya fili. Ta kafa tsaronmu a kan mutum biyu: Choji mai tsaron gida, ma'aikacin jinya, da Zulkifilu ɗan baya na tsakiya, injiniyan gadoji. Dukansu tashin Jos ne, dukansu a Woodbridge suke zaune, yaransu makaranta ɗaya. Zulkifilu ba ya ko waiwayawa, muryar Choji ta ishe shi. A kaka ta biyu da zuwanta muka kai wasan kusa da na ƙarshe, za mu kara da 'yan Ghana.

Ana saura mako biyu labari ya zo daga gida. Mahara sun shiga ƙauyen su Choji a Filato, sun kashe mutane, ciki har da kawunsa, wanda ya riƙe shi ya sa shi makaranta. Muka je gidansa gaisuwa, har da Zulkifilu. Ba a yi mako ba wani labarin ya biyo: wasu matasa sun tare hanya a yankin, sun far wa motar fasinja. Direban motar ƙanin Zulkifilu ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Choji bai je gaisuwa ba. Wani ya kai masa cewa a ranar rasuwar kawunsa an ji Zulkifilu yana cewa ai kowane ɓangare na yi. Shi kuma Zulkifilu an gaya masa matasan da suka tare hanya daga ƙauyukan su Choji suka fito. Ba wanda ya san gaskiyar ko ɗaya daga cikin maganganun nan, amma kowa ya ji su.

Yammacin Alhamis muka hallara atisaye kamar kullum, sai dai ba kamar kullum ba. Kiristoci suka ajiye jakunkunansu a gefen raga ɗaya, Musulmi a ɗayar. Ba wanda ya tsara haka. Choji da Zulkifilu duk ba su zo ba. Koci ta busa usur ta ce a taru a tsakiya, aka taru ana kallon ƙasa. Ba a jima da fara wasa ba Khalil, ɗan gabanmu, ya taka ƙafar Jang.

"Haka kuke," in ji Jang. "Ko a nan ma ba ku bar mutum ya zauna lafiya."

"Mu wa?" Khalil ya matso. "Faɗi mana, mu wa?"

Kafin a ankara an cakumi riguna. Mutanen da suka yi shekaru suna cin tuwo a gidajen juna suka tsaya gaba da gaba suna huci. A filin da ke kusa da mu wasu iyaye Amurkawa sun daina kallon 'ya'yansu, sun zuba mana ido, wata mata ma ta ciro waya. Koci ta ɗauki ƙwallon ta sa a jaka, ta tattara sauran kayanta.

"Atisaye ya ƙare," ta ce. "Kowa ya shiga motarsa. Wanda na gani a wurin fakin yana magana da wani, ba zai buga Lahadi ba."

Aka watse. Dakta Maitama ya tsaya, ni ma na tsaya ina taya ta kwashe kaya.

"Koci, ina ganin mu janye," in ji Dakta. "In ba haka ba, a ajiye ɗaya daga cikinsu."

"Wanne, Dakta? In na ajiye Choji, rabi sun tafi. In na ajiye Zulkifilu, ɗaya rabin."

"To mu janye."

"In muka janye Lahadin nan, wace Lahadi za su dawo?"

Ta juyo gare ni ta ce, "Malam, Asabar za ka raka ni Woodbridge. Ban san kalmomin gaisuwar mutuwa sosai ba, kuma bai dace in shiga ni kaɗai ba."

Ranar Asabar babbar hanyar 95 ta cushe kamar yadda ta saba. Muna tafiya kaɗan muna tsayawa, ita kuma tana maimaita abin da na koya mata, tana tambaya wanne ake faɗa a wane gida. Hannunta na kan gwiwar nan tana murzawa. Ta ce mini a Faransa ta raba 'yan wasa da suka yi faɗa a kan saurayi, a kan matsayi, a kan launin fata ma, amma ba ta taɓa tsayawa tsakanin mutum biyu da kowannensu ke da gawa ba.

"Ina jin tsoro, Malam," ta ce. "Wataƙila Dakta ne ke da gaskiya."

Gidan Zulkifilu muka fara zuwa. Ta yafa mayafi, ta zauna a bakin kujera, ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Ya amsa da murya ƙasa-ƙasa. Ya rame, idanunsa sun yi ja. Sai ta ci gaba.

"Ban zo sulhu ba, ba aikina ba ne. Gobe akwai wasa. In ba ka zo ba, ba wanda zai ga laifinka. In ka zo za ka buga, kuma Choji ne a bayanka in shi ma ya zo. In ba za ka iya jin muryarsa ba, ka zauna a gida."

"Koci, ƙanina ne," ya ce. "Ni na saya masa motar."

"Na sani."

A gidan Choji, matarsa Glory ta buɗe mana ƙofa, ta raɗa wa Koci cewa ba ya cin abinci, daga asibiti sai ɗaki. Koci ta yi masa sannu da haƙuri, ta yi addu'a Allah ya ta'azantar da su, sannan ta faɗa masa abin da ta faɗa a can, ba ta ƙara ba ta rage ba. Ta ce in ba zai iya kiran sunan Zulkifilu ba, kada ya zo.

"Ya faɗi maganar nan ko bai faɗa ba?" Choji ya tambaya.

"Ban sani ba. Ban tambaye shi ba. Gidansa ba nisa, kai ka san hanya."

Muka yi masa sallama muka tashi.

Lahadi dukansu suka zo, kowa a motarsa. Zulkifilu ya ɗaure takalminsa a wannan gefe, Choji ya sa safar hannunsa a wancan. Ba su gaisa ba. 'Yan Ghana sun zo da ganguna da iyalansu, namu mutanen ma sun cika gefen fili, sai dai sun rabu gida biyu, da tazara a tsakani. Koci ta faɗi sunayen waɗanda za su fara, ta ambaci su biyun kamar yadda take yi kullum.

Tun daga farko aka san akwai matsala. Tsaronmu da ya saba cika fili da ihu ya yi tsit. Ƙwallo ta farko da ta taso sama, Zulkifilu ya kore ta da kai ba tare da an ce masa komai ba. Ta biyu ya bar ta yana zaton Choji zai fito, Choji bai fito ba, ta wuce gefen raga da kaɗan. Koci na bakin layi tana ihu, "A yi magana! Choji, bakinka!" Choji ya ɗaga mata hannu, amma bakin bai buɗe ba. 'Yan Ghana suka gane, suka daina wasan ƙasa, suka dinga ɗaga dogayen ƙwallaye suna jefawa tsakanin mutanen biyu.

Dakta Maitama ya matso kusa da ita. "Koci, fitar da ɗaya."

"Bari mu kai hutu."

Ba mu kai ba. Ɗan tsakiyarsu ya ɗago wata doguwa. Zulkifilu ya juya yana gudu da baya-baya, idonsa a sama. Choji ya fito da gudu, shi ma idonsa a sama. Mu da ke benci mun ga abin da zai faru, muka miƙe muna ihu, amma ihunmu ba shi suke jira ba. Gwiwar hannun Zulkifilu ta sami Choji a saman ido, dukansu suka zube, ƙwallo ta gangara cikin raga ba wanda ya taɓa ta. Choji bai tashi ba. Jini ya rufe masa rabin fuska.

"Da gangan ne!" Jang ya yi kururuwa, ya nufi Zulkifilu da gudu. Khalil ya tare shi da ƙirji. Mutane suka fara tsallako layi daga ɓangarorin biyu, har da waɗanda ba su taɓa buga mana wasa ba. Gangunan 'yan Ghana suka tsaya. Alƙalin wasa, wani matashi ɗan Habasha, yana ta busa usur ba mai saurarensa, daga baya ya ja gefe yana cewa zai kira 'yan sanda. Na san abin da hakan ke nufi: a cikinmu akwai masu aikin da ƙaramin rahoto zai iya raba su da shi, akwai waɗanda takardunsu na zama ba su kammala ba. Na ji Glory tana kiran sunan mijinta daga nesa.

Ban taɓa ganin Koci ta yi gudu ba sai ranar. Ta ratsa cikin maza tana jan ƙafar nan, ta ture Khalil da kafaɗa, ta tsaya daidai gaban Jang, bayanta ga Zulkifilu, wanda ke durƙushe yana kallon jinin da ke hannun rigarsa. Kanta bai kai kafaɗar Jang ba.

"Ni na sa su a fili," ta ce da ƙarfi. "An ce in janye na ƙi. An ce in fitar da ɗaya na ƙi. Mai neman wanda zai buga, ga ni."

"Koci, matsa," in ji Jang, hannunsa a dunƙule.

"Ba zan matsa ba. Dakta, duba min Choji. Sauran kowa ya koma bayan layi. Yanzu!"

Ba wanda ya koma, amma ba wanda ya ƙara matsowa. Dakta Maitama ya durƙusa ya danne raunin da tawul. Muna tsaye haka, ana jin numfashin mutane, har Choji ya motsa, ya ture hannun Dakta kaɗan, ya tashi zaune. Ya nemi Jang da idon da ke buɗe.

"Jang, bar shi," ya ce. "Bai gan ni ba. Ban kira ba."

"Choji, na ga yadda ya..."

"Na ce ban kira ba. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita."

Zulkifilu ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara rawa. Jang ya tsaya kaɗan, ya tofar da yawu gefe, ya cire rigar ƙungiya ya yar, ya nufi motarsa. Mutum biyu suka bi shi. Koci ta je ta yi magana da alƙalin wasa da kyaftin ɗin 'yan Ghana, ta roƙe su, alƙalin ya mayar da wayarsa aljihu.

Ta fitar da Choji da Zulkifilu duka. Ni ta sa a gurbin Zulkifilu, Dakta Maitama kuma ya sa safar hannu, shi da rabonsa da tsaron gida tun yana sakandare. Benci ɗaya muke da shi, gajere, a kansa su biyun suka zauna, ɗaya a wannan ƙarshe da bandeji a kai, ɗaya a wancan. Ita ta tsaya a gabansu, ta juya musu baya, ƙafarta na karkarwa har ana gani daga cikin fili.

'Yan Ghana suka ci mu huɗu da ɗaya. Da ba su tausaya mana ba da ta fi haka. Can cikin rabi na biyu na ji muryar Choji daga benci yana yi wa Dakta ihu ya fito, sannan na ji ta Zulkifilu yana gaya mini in rufe hagu. Ba da juna suke magana ba, da mu suke. Da aka tashi Glory ta kai mijinta a yi masa ɗinki. Koci ta zauna a kan ciyawa, ta kasa tashi, sai da mijinta Raymond ya zo ya ɗauke ta. Gwiwar ta kumbura, ta yi makonni da sanda.

Jang bai dawo ba, da shi da mutum uku daga ɓangarorin biyu. Wasu sun ce Koci ta yi ganganci da ta sa Choji da Zulkifilu a fili, kuma ita ma ba ta musa ba. Ta ce mini da raunin ya sauko kaɗan ya sami idon, da ba za ta sake riƙe usur ba. Bayan kwana arba'in na ƙaninsa, Zulkifilu ya gaya mini Choji ya je gidansa, sun zauna a mota a ƙofar gida sun daɗe, amma bai faɗa mini abin da suka ce ba, ni ma ban tambaya ba. Abotarsu ba ta koma yadda take ba. Suna gaisawa, suna wasa tare, matansu sun fi su zumunci yanzu.

Da bazara ta zagayo wata ƙaramar kwaleji a Maryland ta ɗauki Koci mataimakiyar mai horar da 'yan matanta. Ta ce Alhamis ta gagare ta, amma Lahadi tamu ce. A kakar da ta biyo baya mun ƙare na biyar a tebur, kuma ta tilasta wa Dakta Maitama ya nemo mana mai tsaron gida na biyu.